Ranar da Ruwa Ya Zagayo Tankari Ta Baya

A shekarun da baƙar fata ba su da yawa a Guangzhou, lokacin da in mutum ya hango ɗan'uwansa a wancan gefen titi sai ya tsallaka ya yi masa sallama, kusan duk ɗan kasuwar da zai taso daga Maraɗi ko Yamai ko zangon Kumasi akwai lamba ɗaya da ake rubuta masa a bayan ambulan. Lambar Tankari ce.

Tankari mutumin Tibiri ne, nan kusa da Maraɗi. Gyaran keken ɗinki ya koya a wurin kawunsa, ya yi shekara goma sha ɗaya a wata rumfa a bakin kasuwa yana kwance kekuna yana ɗaurawa. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu, ga kunne: in ya ji magana sau biyu ta zauna. Da haka ya tsinci Faransanci fiye da wanda lakwal, wato makarantar boko, ta ba shi, ya haɗa da Zabarmanci da Turancin direbobin Kwatano. A 1997 wani attajiri ya aiko shi ƙasar Sin ya zaɓo masa kayan gyaran keke, don shi ya san na ƙwarai da na banza. Mako uku ya zo yi. Kaya suka tafi, shi ya zauna.

Ya kama ɗaki a wani lungu bayan titin Guangyuan, inda manyan kantunan tufafi suke. Aikinsa raka baƙi kasuwa, ya yi musu ciniki, ya kai su masallaci ranar Juma'a, ya nuna musu inda ake samun naman da Musulmi ya yanka. Matarsa Fasuma da 'ya'yansa biyu suna Tibiri, sau ɗaya a wata yake jin muryarsu. Sinancinsa na kanti ne: gaisuwa, lambobi, launuka, "lauban" wato maigida, "me-yo" wato babu, "bu-yau" wato ba na so. Amma a idon baƙon da ya sauka jiya, Tankari ya haddace ƙasar Sin kaf, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa wannan zato ba.

A watan Maris na 1999 Alhaji Sumani ya zo daga Kumasi sayen takalma da jakunkunan mata. Dattijo ne mai jiki, ya haura sittin, yana dogara sanda saboda gwiwar dama. Ranar da suka gama loda kaya, a ofishin wani mai takalma, Alhaji ya tsaya gaban kalandar bango ya kasa gaba. Hoton wata farar hasumiya ce a tsakiyar ruwa, kwalekwale sun kewaye ta, a bayanta gidajen masunta masu baƙin rufi.

"Tankari, ina ne nan?"

Mai takalman ya ce wani ƙauye ne can ƙarshen Panyu, inda kogi ke shiga teku, ya rubuta musu sunan a takarda.

"Autata Fadilatu kullum tana mini tsiya," in ji Alhaji. "Wai na zagaye duniya, amma hotunana duk a jikin kwali nake tsaye. Jibi zan tashi. Gobe ka kai ni nan. Ka san wurin ai?"

"Na sani, Alhaji," in ji Tankari. Bai taɓa wuce gadar kudancin birni ba.

Bas biyu suka hau, sannan babur mai ƙafa uku ya ƙarasa da su ta cikin gonakin ayaba da tafkunan kifi. Sun isa bayan azahar. Ƙauyen ya fi hotonsa kyau. Akwai gidajen da aka gina bangonsu da ɓawon kawa zalla, wata 'yar dabbar ruwa mai ɓawo da suke ci, an jera shi sahu-sahu yana ƙyalli. An shanya kifi a kan faifai a ƙofar kowane gida. Ga wata ƙatuwar bishiya mai jijiyoyi suna reto kamar gemu, tsofaffi na zaune a gindinta suna buga karta. Kusa da ita akwai ɗakin bautarsu, jan ƙyalle da turaren wuta har waje. Alhaji ya yi ta sa Tankari ɗaukarsa hoto: a jikin bangon kawa, a gefen taru, da wata hular kaba da ya ara a wurin wani tsoho, mutanen gari na kallo suna dariya.

Da suka fita bakin gaɓa sai Alhaji ya ja tsaki. Babu ruwa. Kwalekwalen duk suna kwance a kan taɓo, sun karkace. Taɓo ne baƙi shimfiɗe iyakar ganin ido, an kakkafa masa duwatsu a jere inda kawa ke mannewa. Can nesa ga hasumiyar a tsaye kan wani dutse, kuma wata siririyar hanya ta falalen duwatsu ta tashi daga gaɓa ta miƙe har wurinta.

"To ina ruwan da ke cikin hoto?"

"Rani ne, Alhaji," in ji Tankari. "Kamar gulbinmu na Maraɗi. Sai damina yake kawowa."

Shi kansa ya yarda da abin da ya faɗa. A saninsa ruwa ba ya zuwa sai an yi hadari, kuma ga sama nan tas. Alhaji kuwa ya sha ganin teku a Tema, amma daga cikin mota.

A bakin hanyar wata tsohuwa na zaune kan kujera 'yar tsugunno tana ɓare kawa da gajeriyar wuƙa. Ƙarama ce ƙwarai, bayanta ya ranƙwafa, hannuwanta duk tabon yanka. Da ta ga sun taka dutsen farko sai ta miƙe ta tare su. Ta yi magana da sauri, ta nuna hasumiya, ta nuna ƙafar Alhaji, ta ɗaga yatsu biyu, ta kai hannu wuyanta. Ba Sinancin kanti take yi ba, yaren masunta ne, ko kalma ɗaya Tankari bai kama ba.

"Me take cewa?" in ji Alhaji.

Tankari ya dubi kwandon kawar da yatsun biyu. "Talla take, Alhaji. So take mu saya." Ya juya wurinta da murmushi. "Bu-yau, Apo. She-she." Wato ba ma so, Kaka, mun gode.

Ta kama hannun rigarsa. Ya zame a hankali, suka wuce. Har suka yi nisa yana jin muryarta a bayansu.

Tafiyar da mai lafiya zai yi a minti ashirin ta ci musu kusan awa, don duwatsun na da santsi, Alhaji kuma sai ya huta. Hasumiyar ba ta kai yadda take a hoto ba. Ginin siminti ne, tsawon mutum huɗu, babu ƙofa, sai wani tsanin ƙarfe mai tsatsa a jikinta da fitila a can sama. Tankari ya lura daga ƙasa har zuwa daidai kafaɗarsa jikin ginin kore ne, jiƙe, ƙananan kawa sun manne masa. Ya ga abin, bai tsaya tunanin dalili ba. Suka ɗauki hotuna. Alhaji ya shimfiɗa rawaninsa a kan dutse suka yi la'asar.

Da suka sallame, iska ta canja. Wani hazo mai laima ya taso daga wajen teku, fari fat, yana tafiya a kan taɓo kamar hayaƙi. Kafin su gama addu'a rufin gidajen ƙauyen ya dushe.

"Mu koma," in ji Alhaji.

Sun yi taku kamar ɗari biyu Tankari ya tsaya cak. Hanyar ta yanke. A inda ɗazu suka bi ta wani ɗan kwari, yanzu ruwa ne ke gudu, ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa ya kai titi. Ba daga gabansu ya zo ba, ta gefe ya zagayo ya shiga tsakaninsu da gari. Ba ƙara, ba kumfa. Tankari ya zuba wa wani dutse ido, yana kallo ruwan ya lashe gefensa, ya hau kansa, ya rufe shi.

Ya tuɓe takalmi ya ce bari ya gwada zurfin. Taku uku ya yi a kan dutse, na huɗu ƙafarsa ta zame ta faɗa taɓo. Nan take ya nutse har cinya. Ya yunƙura, ɗaya ƙafar ma ta bi. Taɓon ya riƙe shi kamar da hannu, ɓawon kawa na yankar ƙaurinsa, ruwan sanyi na tura shi gefe. Sai da Alhaji ya kwanta rubda ciki a kan dutse ya miƙa masa sanda, ya ja da iyakar ƙarfinsa, sannan ya fito yana haki, jini na bin ƙafafunsa.

"Ka iya iyo?" in ji Alhaji.

"A'a. Kai fa, Alhaji?"

Alhaji ya girgiza kai. Suka juya wajen hasumiya, don nan ne kaɗai tudu. Kafin su kai ruwa ya kama idon sawunsu.

Tankari ya kafa kafaɗa ya ce Alhaji ya hau tsani. Matakin farko yana daidai ƙugu. Alhaji ya ɗaga ƙafar hagu, ta dama ta ƙi ɗaukarsa, ya dawo da nauyinsa duka a kan Tankari. Sau uku suna gwadawa. A na ukun gwiwar ta yi wata ƙara, dattijon ya saki salati, gumi ya karyo masa duk da sanyin. Kyamarar Alhaji ta suɓuce daga wuyansa ta faɗa ruwa, ba wanda ya ko kalle ta.

Suka tsaya a gindin hasumiya, kowa ya riƙe ƙarfen tsani. Yanzu ba sa ganin komai sai fari. Ruwa ya kai gwiwa. Tankari ya sake duban koren nan da ke jikin ginin, sai yanzu ya gane ko mene ne: shaidar inda ruwa ke kaiwa ce. Daidai kafaɗarsa. Alhaji kuwa bai kai shi tsawo ba.

Ya yi ihu da Hausa, ya yi da Faransanci, ya kira "lauban" har muryarsa ta dushe. Hazon ya shanye. 'Yar na'urar da ke maƙale a ƙugunsa, wadda ke ƙara ta nuna lambar mai nemansa, ta yi ƙara sau biyu. Wani ne a birni ke son a raka shi kasuwa. Jim kaɗan ruwa ya kai gare ta ta yi shiru.

"Alhaji," in ji Tankari, haƙoransa na haɗuwa. "Ka yafe mini. Ban san wurin nan ba, yau na fara zuwa. Tsohuwar nan ma ban ji abin da ta ce ba. Ina jin hana mu take yi."

Alhaji ya ce, "Na so in gane, da na ga ta kai hannu wuya. Amma ina son hoton, sai na yi shiru. Mu biyu muka kawo kanmu." Ya numfasa. "Ɗana, hau sama. Kana da ƙananan yara."

"Wallahi ba ni hawa in bar ka."

"Hau, na ce. Ba mutuwar nake tsoro ba, na ci shekaruna. Abin da ke tayar mini da hankali a ce ba a ga gawata ba. Ba wanka, ba sallah, ba kabarin da Fadilatu za ta ce nan babana yake. In kana sama, ko ba komai ka ga inda ruwa ya yi da ni."

Tankari bai hau ba. Ya warware rawanin Alhaji ya zagaya shi ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ɗaure a matakin tsani na sama da kansu, ya yi ƙulli uku irin na ɗaurin kaya. Shi kuma ya tsaya a bayansa ya tokare shi da ƙirji.

A nan suka ji ƙahon jirgi. Ƙara ce mai kauri wadda ta shiga har cikin haƙarƙarinsu, kuma kusa take. Ba su ga jirgin ba, sai dai wani duhu mai tsawon bene da ya gifta cikin hazo yana gurnani, ɗaya daga cikin manyan jiragen dakon kaya masu shiga tashar birni. Ya wuce, wuri ya yi tsit. Tankari har ya fara sakin numfashi sai igiyar ruwan da jirgin ya taso ta iso. Ta farko ta buga su da bango. Ta biyu ta rufe kansu gaba ɗaya. Tankari ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa, ruwan gishiri ya cika masa hanci, hannu ɗaya kawai ya rage masa a jikin ƙarfe. Da ya ɗago sai ya ga Alhaji na reto a jikin rawani, hularsa ta tafi, yana tari yana amai. Ƙullin ya riƙe.

Ruwa ya kai ƙirjin Tankari, ya kai wuyan Alhaji. Dattijon ya ɗaga haɓa sama, ya ce da wata murya da Tankari bai san shi da ita ba, "Yi kiran sallah."

"Alhaji, lokaci bai yi ba."

"Yi, na ce. Haka iyayenmu ke yi in sun ɓata a daji."

Tankari ya taka matakin farko ya ɗaga murya. Tana rawa, tana karyewa, amma ya kai ƙarshe. Ya sake daga farko. Yana cikin na uku ya ji wani abu daga hagu: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ya yi shiru. Aka sake bugawa. Ƙarar kwano ce ake dukansa da ƙarfe.

"Ci gaba!" in ji Alhaji. "Muryarka ake bi!"

Ya ci gaba, kwanon na amsawa, yana matsowa, wani lokaci ya yi kamar ya bauɗe sai ya dawo. Can sai ga hancin kwalekwale ya ɓullo daga cikin farin. Tsohuwar nan ce a tsaye a baya, tana murza dogon filafilin tuƙi guda ɗaya da hannu ɗaya, ɗaya hannun na dukan kwano da wuƙar ɓare kawa. Ashe tun da suka wuce ba ta bar bakin gaɓa ba. Mazan garin masu jiragen inji suna can teku tun safe, nata jirgin kuma yana kwance a taɓo, dole ta jira ruwan da ke neman kashe su ya ɗaga mata shi.

Ba ta gaishe su ba. Faɗa take tun kafin ta iso, kuma ba ta fasa ba. Ta manna jirgin da hasumiya, ta zura igiya a tsani, ta yanke rawanin da wuƙarta. Shigar da Alhaji ya fi komai wuya. Jirgin ƙarami ne, da ya kama gefensa sai ya karkata ruwa ya fara shiga. Ta daka wa Tankari tsawa, ta nuna masa ɗaya gefen. Wannan karon ya gane. Ya zagaya ya rataya nauyinsa a can, ita kuma ta kama ƙugun wandon Alhaji ta mirgino shi ciki kamar buhu. Sannan Tankari ya hau. Ta tura masa kwanon ta nuna ruwan da ke cikin jirgi, ya yi ta kwalfewa har suka ji ƙasan jirgin ya gogi dutsen gaɓa.

Mutanen gari sun taru. Aka kai su gidan tsohuwar, ɗaya daga cikin masu bangon kawa, aka lulluɓe su da barguna masu ƙarnin kifi, aka ba su ruwan citta mai zafi. Wani malamin makarantar ƙauyen da ke jin ɗan Turanci ya zo ya wanke wa Tankari ƙafafu da wani jan magani mai raɗaɗi. Shi ya gaya musu ruwan nan sau biyu yake tafiya ya dawo kowace rana, kuma tsohuwar ce musu ta yi saura awa biyu, mai sanda ba zai kai ya dawo ba. Ya ce ƙanenta a kan wannan hanyar ya rasu shekaru da yawa da suka wuce, shi da aka haifa a garin.

Alhaji ya ciro agogonsa, duk da ruwa ya shige shi, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ture. Ya sake miƙawa, ta sake turewa, ta ƙara da wata magana da ta sa mutanen ɗakin dariya. Malamin ya ƙi fassarawa.

Alhaji Sumani bai tashi jibin ba. Kwana tara ya yi a kwance, gwiwa ta kumbura, ƙirji ya kama. Tankari ya bar kasuwa ya zauna jinyarsa, yana dama masa kunu a kan ɗan murhun ɗakinsa yana kai masa masauki, alhali shi ma zazzaɓi na cinsa, ƙafafunsa a naɗe. Makonni bayan nan in bas ya hau gadar kogi sai ya runtse ido ya riƙe kujera, in ya kwanta kuma ya riƙa jin gadon na lilo. Bai gaya wa Fasuma ba sai da ya je gida da babbar sallar shekarar da ta biyo baya, ta ga tabon ta tambaya.

Alhaji bai ƙara dawowa ƙasar Sin ba, ƙafar ba ta bar shi ba. Ɗan'uwansa Sherif ya riƙa zuwa a madadinsa, kuma duk zuwan da zai yi sai ya kawo ƙunshi biyu daga Kumasi: goro na Tankari, da turmin atamfa na tsohuwar. Tankari ne ke kai mata. Ta karɓi atamfar, amma ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ta yanka ta yi labulen ƙofa, ragowar ta rufe kejin kajinta da shi. Yakan zauna a tsakar gidanta ya sha shayi, ta yi ta magana yana gyaɗa kai, kafin la'asar ya kama hanyar birni. A zuwansa na uku ne ya hango wani tsohon keken ɗinki a ƙuryar ɗakinta, tsatsa ta cinye shi, malamin makarantar ya ce na uwarta ne. Ya nemi man gyaɗa da tsumma, ya zauna a ƙasa ya kwance shi gaba ɗaya don ya gyara mata.